Jibrilla (suna)

Jibrilla sunan namiji ne, wanda daga baya ya zama sunan dangi a Mubi da sauran garuruwan Adamawa. Asalinsa Jibrilu, mala'ikan da ya sauko wa Annabi Muhammadu (SAW) da wahayi. A ƙasar Hausa an fi jin Jibrin ko Jibir, a Nijar kuwa Jibo.

A da, uba ke da sunan, ɗa ya jingina nasa da shi. Rajistar makarantar boko da takardun gwamnati ne suka sa ya zarce har kan jikoki.

Wanda aka fi sani da shi a Mubi shi ne Muhammadu Umaru Jibrilla, ɗan kasuwa, sanatan Adamawa ta Arewa daga 2011 zuwa 2015, gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2019, kodayake laƙabinsa Bindow ya kusa binne sunan. Cikin masu sunan Jibrin da Jibo kuma akwai Barau Jibrin na Kano, mataimakin shugaban Majalisar Dattawa tun 2023, da Salu Jibo, sojan da ya hamɓarar da Mamadu Tanja a Yamai a 2010.