Bindiga a Ƙugu: Tarihin Yawo da Makami a Fili a Amurka, da Abin da Ya Shafe Mu a Ciki

'Yan uwa mazauna Sabo, Zango, Ama Hausa da sauran unguwanninmu na kudu.

Duk lokacin da aka tare hanya ko aka ƙona wata kasuwa, akwai maganar da ba ta rasa tashi a majalisunmu bayan sallar isha'i, wato a bar kowa ya riƙe bindigarsa kamar yadda ake yi a Amurka, a ga ko wani zai ƙara taɓa wani. Ba a majalisa kaɗai maganar ta tsaya ba, domin a watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Zamfara da kanta ta ce wa jama'arta su nemi izinin mallakar bindiga su kare kansu. Kuma gaskiya ne, a mafi yawan jihohin Amurka 50 mutum yana iya saƙale ƙaramar bindiga a ƙugu, kowa na gani, ya shiga kanti ya sayi burodi ya fito. To amma wanda ya bi tarihin wannan al'ada zai tarar dokar takan sauya ne gwargwadon ƙugun da bindigar ke rataye a kai. Ɗan gari da baƙo ba su taɓa samun hukunci iri ɗaya ba, kuma a nan ne abin ya shafe mu.

Bari mu faro daga tushe. Turawan da suka kafa Amurka daga Ingila suka gaji dokokinsu, kuma tun a 1328 Ingila ta yi dokar da ta hana mutum shiga kasuwa ko zuwa gaban alƙali da makami. Bayan Amurka ta sami 'yanci, a 1791 aka yi wa tsarin mulkinta gyara na biyu, wanda ya ba jama'a 'yancin ajiye makamai da ɗaukarsu. Sai dai jumlar gajera ce, ta kuma haɗa maganar da rundunar sa-kai, shi ya sa aka shafe sama da shekara 200 ana jayayya kan ma'anarta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a farkon lamari ɓoye makami ne abin kunya. A 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana suka hana yawo da makami a ɓoye cikin tufa. A 1846 babbar kotun Jihar Jojiya ta yanke hukuncin cewa gwamnati na da ikon hana ɓoye bindiga, amma ba ta da ikon hana ɗaukarta a fili. A 1850 kotun Luwiziyana ta bi sahu, tana ganin mai nuna makaminsa ya ba abokin faɗa damar shiri, mai ɓoyewa kuwa halin maciyin amana gare shi. A daidai wannan zamani ne kuma Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a 1836, bindigar da ke harbi sau da yawa ba tare da an sake ɗura ta ba, ga ta ƙarama, ɗamara kawai take buƙata.

Wannan mutunci na ɗaukar makami a fili, na Turawa ne kaɗai. Tun a 1680 yankin Bajiniya ya hana bayi riƙe bindiga, takobi ko kulki. Da wani bawa mai suna Nat Turner ya jagoranci tawaye a 1831, sai a shekarar da ta biyo baya aka faɗaɗa hanin ya haɗa da baƙaƙen fata 'yantattu. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Alƙalin Alƙalan Amurka Roger Taney ya fito fili ya ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma cikin dalilan da ya kawo har da cewa in aka yarda su 'yan ƙasa ne, to dole a bar su su riƙa yawo da makami duk inda suka ga dama. Bayan an gama yaƙin basasa an 'yanta bayi a 1865, a cikin shekarar nan Jihar Misisifi ta yi dokar da ta hana tsofaffin bayi riƙe bindiga sai da lasisi, alhali maƙwabcinsu Bature ba ya buƙatar kowace takarda.

Sai mu juya yammacin ƙasar, inda finafinan kaboyi da muka taso muna kallo a silima suka nuna mana kowa da bindiga biyu a ƙugu, ana shan giya ana harbe-harbe. Hoton nan ya sha bamban da abin da ya faru. Garuruwa irin su Dodge City da Wichita a Jihar Kansas kasuwannin shanu ne, inda masu koro garke daga Teksas ke kawo dabbobi a loda a jirgin ƙasa zuwa biranen gabas. Duk wanda ya san harkar kara ya san irin wannan gari: baƙi sun yi wata biyu ko uku a hanya, an biya su, kuɗi na aljihu. To a shekarun 1870 waɗannan garuruwa sun hana yawo da bindiga a cikin gari. Baƙo in ya iso sai ya damƙa bindigarsa a masauki ko a ofishin ɗan sanda, ran da zai tafi ya karɓi abarsa. Shi kansa shahararren artabun nan na garin Tombstone a yankin Arizona, ran 26 ga Oktoba 1881, wanda aka yi ta shirya fim a kansa, ya tashi ne lokacin da shugaban 'yan sandan garin Virgil Earp ya je da 'yan uwansa biyu da abokinsu ɗaya don karɓe makaman wasu makiyaya da suka ƙi bin wannan doka. Cikin kusan daƙiƙa 30 mutum uku suka mutu. Ita ma Teksas, wadda ake yi wa kallon gidan bindiga, tun a 1871 ta hana yawo da ƙaramar bindiga, kuma hanin ya wuce shekara 100 yana aiki. A gabas kuwa, Jihar Nuyok ta wajabta lasisi a 1911, lokacin da jaridu ke ɗora laifin kashe-kashen birni a kan baƙi 'yan ci-rani daga Italiya, kuma ɗan Italiya ne mutum na farko da aka ɗaure da dokar.

Zamanin gwagwarmayar baƙaƙen fata ya ƙara fito da abin sarari. A watan Janairun 1956 aka jefa bam a gidan Martin Luther King a birnin Montgomery, matarsa da jaririyarsu na ciki. Ya nemi izinin riƙe bindiga, hukuma ta hana shi. Shekara goma bayan haka, a watan Oktoban 1966, wasu samari biyu, Huey Newton da Bobby Seale, suka kafa ƙungiyar Black Panther a birnin Oakland na Jihar Kalifoniya. Newton ya ɗan karanci shari'a, ya kuma gano cewa dokar jihar ba ta hana ɗaukar bindiga mai harsashi a fili ba muddin ba a auna kowa da ita ba. Sai suka shiga bin motocin 'yan sanda a unguwanninsu, bindiga a hannu ɗaya, littafin doka a ɗayan, in an tsayar da baƙar fata su tsaya daga nesa suna kallo suna karanto masa haƙƙinsa.

Ba a daɗe ba wani ɗan majalisar jiha, Don Mulford, ya gabatar da ƙudurin hana wannan. Ran 2 ga Mayu 1967, 'yan ƙungiyar kusan 30 suka shiga ginin majalisa a Sacramento da bindigoginsu don nuna ƙin amincewa. Ba su harbi kowa ba, amma hotonsu ya zagaye ƙasar, kuma kafin ƙarshen watan Yuli gwamna ya sa wa dokar hannu. Gwamnan nan shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, masu son bindiga suka riƙe shi gwarzonsu. Ita ma babbar ƙungiyar masu bindiga ta NRA ba ta ja da dokar ba, goyon baya ma ta ba ta. Wato 'yancin da aka daɗe ana taƙama da shi a Kalifoniya, cikin 'yan watanni aka soke shi da aka gan shi a hannun waɗanda ba a so.

Daga shekarun 1980 iska ta juya. Jihar Fulorida ta sassauta ba da lasisi a 1987, jihohi da dama suka kwaikwaye ta. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gyara na biyu haƙƙin mutum ne shi kaɗai, ko yana cikin runduna ko ba ya ciki, a 2010 ta ce hukuncin ya hau kan jihohi, a watan Yunin 2022 kuma ta ce haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje, ta rushe sharaɗin Nuyok da ke cewa sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi lasisi. Teksas ta halatta wa mai lasisi ɗaukar ƙaramar bindiga a fili daga 1 ga Janairu 2016, a watan Satumban 2021 ta cire sharaɗin lasisin ma. Masu ra'ayin nan suna da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne. Suna cewa ɗan sanda ba ya iso wurin ta'asa sai bayan an gama, ɓarawo kuma in ya hangi bindiga yakan canza shawara. Masu adawa na cewa mai ciniki ba shi da hanyar bambance mutumin kirki da wanda ya shigo kisa, tunda dukansu abu ɗaya suke ɗauke da shi. Shi ya sa kamfanin Starbucks mai shagunan gahawa ya roƙi masu cinikinsa a 2013 su daina shigo masa da bindiga, Walmart ma ya yi irin wannan roƙo a 2019 bayan an kashe mutum sama da 20 a kantinsa na El Paso.

Duk da wannan sassauci, tsohon bambancin bai tafi ba. Ohayo jiha ce da ta halatta ɗaukar bindiga a fili. A watan Agustan 2014 wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 22, John Crawford, ya ɗauki bindigar iska daga kan kantar kayan sayarwa a wani kantin Walmart na jihar, yana tafe yana waya. Wani ya kira 'yan sanda, suka zo suka harbe shi, ba a kuma gurfanar da kowa ba. A watan Nuwamban shekarar, a birnin Cleveland na jihar, aka harbe yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana riƙe da bindigar wasa. A watan Yulin 2016 a Jihar Minesota, Philando Castile, ma'aikacin ɗakin cin abinci na wata makaranta, mai cikakken lasisi, ya shaida wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana ɗauke da bindiga, kafin minti ɗaya ya cika an harbe shi, kotu kuma ta wanke ɗan sandan a 2017. Sai ga shi ran 30 ga Afrilu 2020 masu zanga-zangar dokar kulle ta korona, mafi yawansu Turawa, wasunsu da manyan bindigogi, sun shiga ginin majalisar Jihar Mishigan, sun yi ihunsu sun koma gida lafiya.

To mu dawo gida. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, libarba ko fistol, a jerin makaman da aka haramta, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙewa. Bindigar farauta mai harsashi lasisinta na hannun Sufeto Janar, ita kuwa bindigar toka ta maharba lamarinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ke nan abin da ake yi a Teksas laifi ne babba a nan. Amma ko da gobe aka sauya dokar, ya kamata mu tambayi kanmu wa za ta amfana. Ba mu manta da Uromi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, 'yan sintiri a wannan gari na Jihar Edo suka tsayar da wata babbar mota ɗauke da mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano yin ƙaramar sallah. Aka ga bindigogin toka a motar, aka ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka taru, aka kashe mutum 16. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu wani uzuri. Sai dai mu lura, irin bindigar nan akwai ta a ɗakin maharbin kowane ƙauye na kudu, yana fita da ita da safe ana gaishe shi. Bambancin kawai, shi ɗan gari ne.

Saboda haka, ni a ganina, mai cewa a sakar wa kowa makami ya tuna cewa mu ne baƙi a inda muke zaune, ko da kakanninmu ne suka sari dajin Sabo. Ranar da aka buɗe wannan ƙofa, masu gari za su fi mu yawan bindigogi, kuma tasu ce za a kira kariyar kai. Abin da ya fi mana amfani shi ne sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na kasuwa su riƙe zumunci da sarakunan gari da ofisoshin 'yan sanda tun ana zaman lafiya, su san sunan duk wanda ya sauka a unguwa da sana'arsa. Maharbi in zai yi doguwar tafiya ya riƙe takardunsa, ya sanar da ƙungiyarsa da hukuma, in ma da hali ya bar makamin a inda yake aiki. Mai gadi da ɗan dako da ɗan acaba su ma a ja musu kunne kan wuƙar da wasu ke sokewa a ƙugu don ado ko al'ada, domin wanda ba ya jin yarenka ba zai tsaya tambayarka dalili ba. Idan kuma an zalunci namu, a bi kadinsa har kotu, kada a bari maganar ta mutu da zaman makoki.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare matafiyanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.