Rikicin Masarautar Kano

Rikicin Masarautar Kano taƙaddama ce kan gadon sarauta wadda ta raba kan Kanawa. Ta kunno kai a 2019, lokacin da Gwamna Ganduje ya ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Ranar 9 ga Maris 2020 ya tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II, aka kai shi Awe, aka naɗa Aminu Ado Bayero. Kotun Tarayya a Abuja ta haramta korar Sanusi zuwa Awe a 2021. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Sanusi, Aminu kuma ya sauka a gidan Sarki na Nasarawa da ke Kano. Abin takaici, goyon bayan mutane da yawa ya bi layin jam'iyya, har hawan Sallah ya sha dakatarwa.