Kwari da baka a tarihin ƙasar Arewa

Kafin a yi sarki a Matankari, mahalbi ne ke da iko da daji a Dallol Mawri. Labaran kafuwar garuruwan Arewa ta Nijar, daga Dogondutsi har Tibiri, sukan fara da mutumin da ya bi sawun nama har ya tarar da ruwa, ya ƙulla alkawari da iskokin wurin, sannan dangi suka biyo shi da gatari da hauya. Ana iya cewa ai irin wannan labari ko'ina ana ba da shi a ƙasar Hausa, don haka bai isa hujja ba. To, amma a nan ya bar shaida a rabon iko. Arawa da suka zo daga baya, masu danganta kansu da Barno, sun karɓi sarauta, amma sha'anin ƙasa da tsafinta ya zauna hannun Gubawa da suka riga su zama a wurin, wato Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Wannan rabo ne Marc-Henri Piault ya bi diddiginsa a littafinsa na tarihin Mawri na 1970.

Masu raina sana'ar farauta sukan ce wanda ya ɗana tarko, ko ya ajiye mushe ya laɓe yana jiran kura, ba jarumi ba ne. Ba su san baka ba. Kibiya ba ta cin nisa, ba ta kuma kayar da babban nama nan take. Dafin kwankwani ne ke tsayar da zuciya, shi ma sai ya ɗau lokaci. Dole mahalbi ya matso kusa, ya san mashaya da inda iska ke kaɗawa, ya kuma bi dabbar da ya raunata cikin sarƙaƙiya. Haka Jean Rouch ya nuna a fim ɗinsa na 1965 kan masu farautar zaki da baka a yammacin Nijar. Da irin waɗannan kibau mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899. Sojojin sun ƙone garin, amma ba su kama ta ba.

Akan ɗora wa bindiga laifin mutuwar sana'ar, alhali gona ta fi ta ɓarna. Gero ya cinye dajin, farin 1973 da na 1984 suka kori sauran namun. Lokacin da Nijar ta kafa dokar farauta ta 1998, abin da ya rage wa yawancin mahalban Arewa bai wuce zomo da zabo da sayar da magani a kasuwa ba.