Alexei Savrasov

Alexei Kondratyevich Savrasov (24 ga Mayu, 1830 – 8 ga Oktoba, 1897) mai zane ne kuma malami ɗan ƙasar Rasha. Ya yi fice wajen zanen yanayin ƙasa, wato filaye, koguna, dazuzzuka da ƙauyuka. Ana tunawa da shi saboda yadda ya mayar da hankali kan karkarar Rasha kamar yadda talaka ke ganinta kullum, a lokacin da yawancin masu zane suka fi son wurare masu ƙawa irin na Italiya.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Mosko, mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Ya fara zane tun yana yaro. A shekarar 1844 ya shiga makarantar koyon zane da sassaƙa ta Mosko, inda ya yi karatu a hannun Karl Rabus, ya kammala a 1850. A 1854 Cibiyar Fasaha ta Masarautar Rasha da ke St. Petersburg ta ba shi matsayin mamba saboda zanen da ya yi na yankin Oranienbaum.

Aiki

A 1862 ya je Landan kallon baje kolin duniya, ya kuma ziyarci Suwizaland. A 1870 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Peredvizhniki, masu zanen da ke yawo da ayyukansu gari-gari domin jama'ar da ke nesa da babban birni su gani.

Zanensa mafi shahara shi ne Grachi Prileteli, ma'ana "Hankaki Sun Dawo", na shekarar 1871. Ya ɗauko shi daga ƙauyen Molvitino a yankin Kostroma. A ciki ana ganin itatuwa marasa ganye, dusar ƙanƙara tana narkewa, da tsohuwar coci a baya, tsuntsaye kuma suna gyara sheƙarsu, alamar hunturu ya zo ƙarshe. An nuna shi a baje kolin farko na ƙungiyar, kuma Pavel Tretyakov ya saye shi. Har yanzu yana gidan adana zane na Tretyakov a Mosko.

Koyarwa

Bayan rasuwar Rabus a 1857, Savrasov ya gaji ajin zanen yanayin ƙasa a makarantar da ya yi karatu, ya riƙe shi shekara 25. Yakan fita da ɗalibansa bayan gari su zana abin da idonsu ya gani, maimakon kwafar ayyukan magabata a cikin aji. Daga cikin ɗalibansa akwai Isaac Levitan da Konstantin Korovin.

Ƙarshen rayuwa

Rasuwar 'yarsa a 1871 ta girgiza shi ƙwarai. Daga baya shan giya ya yi masa yawa, iyalinsa suka watse, aka kuma sallame shi daga koyarwa a 1882. Ya ƙarasa rayuwarsa cikin talauci, yana sayar da zane da araha don samun na abinci. Ya rasu a Mosko, aka binne shi a maƙabartar Vagankovo. Levitan ya rubuta ta'aziyyarsa, inda ya ɗauke shi a matsayin wanda ya buɗe sabuwar hanya ga zanen yanayin ƙasa a Rasha.