Daga Ɗakin Kaka Zuwa Aji: Aljannu da Iyali a Littattafan Yara na Farko

Tun kafin boko ya iso, yaron Bahaushe a ɗakin kakarsa yake fara saduwa da dodo da aljani, bayan an ci tuwon dare. Wanda ya saurari tatsuniyoyin nan da kunnen basira zai lura cewa abin al'ajabi ba ya faɗowa haka kawai. Sai gida ya tsage, sa'annan ƙadangare ya sami wurin shiga. Ko dai uwa ta rasu, ko kishiya ta ɗauki karan tsana ta ɗora wa 'yar miji, ko kuwa haihuwa ta ƙi zuwa.

Tatsuniyar Ruwan Bagaja ta ishe mu misali. Mutum ne mai mata biyu, mowa da bora. Aka tura 'yar bora wanki can wani ruwa mai nisa, da nufin ta wahala. A hanya ta gamu da halittu masu ban mamaki, ta yi musu ladabi, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta komo da abin kunya. Wato mutanen ɓoye ne suka yanke hukuncin da maigida ya kasa yankewa a cikin gidansa.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai domin a sami abin karantawa cikin boko. Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, ya shiga da littafin da ya ara wa sunan wannan tatsuniya, aka buga shi a 1934. Sai dai sunan kawai ya ɗauka, gidan kuwa ya sāke shi. Babu mowa, babu bora. Namiji ne, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke mijin uwarsa, liman, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Aljannu sun taimaka, amma abin da ake karewa yanzu shi ne mutuncin uba, ba hakkin yarinya ba. A wannan gasa kuma wansa, Malam Bello Kagara, ya kai Ganɗoki ƙasar aljannu.

Magana Jari Ce ya fi fito da wannan sauyi fili. Imam ya rubuta shi a Zariya a 1936, juzu'i na farko ya fito a 1937, kuma don 'yan makaranta aka yi shi. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji yana da mulki da dukiya, amma ba shi da ɗa namiji, sai da malamai arba'in suka yi masa addu'a aka haifi Musa. Da sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makircin fitar da yaron daga gida. Wa ya tsare shi? Aku ne, da labari bayan labari, har gari ya waye. A ganina, nan ne gwanintar Imam take, kuma nan ne asararmu take. Aikin kaka ne aka miƙa wa tsuntsu: ita ce mai riƙe yaro a ɗaki da daɗin baki har barci ya kwashe shi. An fitar da hira daga cikin gida an kai ta fada, matan da suka raine ta kuwa aka bar su bayan labule. Ba abin mamaki ba ne, tun da yake yawancin masu zama a azuzuwan wancan zamani yara maza ne.

Ko da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata, baƙon ya sauya kama. Kolin Koliyo daga sararin samaniya ya zo, ba daga kogon kuka ba. Amma wanda ya ɗauka ya yi yawo da shi, Kilba, shi ma yaro ne namiji. 'Yar bora kuwa tana nan inda Imam ya bar ta, a bakin tsofaffi.