TARIHI: GIDAN DA AKE KWANCE MUTANE DAGA TURU



Kowanenmu ya taɓa ganin mai taɓin hankali a bakin kasuwa. Ba riga, ba abinci, yara suna jifansa. Wani kuma yana ƙuryar gida, ƙafarsa cikin turu. To, yau za mu ba ku tarihin wani gida da Kiristoci ƴan Katolika suka buɗe domin irin waɗannan bayin Allah.

Wanda ya kafa gidan sunansa Gregwar Ahongbonon. Mutumin ƙasar Benin ne, maƙwabciyarmu. Ba likita ba ne, sana'arsa gyaran tayoyin mota. A 1971 ya tafi neman arziki Buwake, cikin ƙasar Kwadibuwa. Ya samu kuɗi har ya sayi motocin haya. Daga baya ya yi kariyar arziki, abokai suka watse. Baƙin ciki ya kai shi har ya yi tunanin kashe kansa.

Wani mompe, watau limamin Katolika, shi ya riƙe hannunsa. A 1982 ya biya masa kuɗin ziyara zuwa Birnin Ƙudus. Da ya dawo, sai ya tara ƴan uwansa masu addu'a. Suna zuwa asibiti, suna wanke marasa lafiya waɗanda ba su da kowa, suna saya musu magani. A 1983 suka sa wa ƙungiyarsu sunan Sen Kamil, wani mutumin Italiya da ya rasu a 1614, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin jinyar matalauta.

A 1990, wata rana Gregwar ya ga wani mutum tsirara yana tonon juji, yana neman abin ci. Ya sha ganin irinsa, yana kauce musu don tsoro. Ran nan sai ya tsaya, ya dube shi da kyau. Ya ga mutum ne kamarsa. Daga nan shi da matarsa suka riƙa bin titi da dare, suna raba musu abinci da ruwan sanyi.

Amma abinci kaɗai bai isa ba. Mutum yana bukatar wurin kwana da magani. A 1994 suka buɗe gidan farko a Buwake, cikin harabar babban asibitin garin.

Sa'an nan labari ya fara zo musu daga ƙauyuka. Suka tarar da mutane ɗaure da mari a gindin itace, wasu shekara da shekaru. Ku lura, ba mugunta ce kullum take sa dangi yin haka ba. Tsoro ne, da talauci, da rashin sanin inda magani yake. Sai Gregwar ya riƙa tafiya da guduma da zarton ƙarfe. Ya zauna da dangi tukuna, su yarda, kana ya yanke sarƙar.

A 2002 yaƙi ya ɓarke a Kwadibuwa, Buwake ta faɗa hannun ƴan tawaye. Aikin bai mutu ba. A 2004 aka buɗe wani gida a Abaranku, kudancin Benin. Bayansa aka yi na Bohikon da na Jugu, har aikin ya shiga ƙasar Togo.

Yaya aikin gidan yake? In an kawo mutum, a yi masa wanka da aski, a ba shi tufafi, a kira shi da sunansa. Masu aikin jinya su duba shi, su ba shi magani. Ba a tambayar addininsa. In ya samu sauƙi, a koya masa saƙa ko ɗinki ko noma. Daga nan a mai da shi cikin danginsa, ya riƙa karɓar maganinsa a kan kari. Abin mamaki, da yawa cikin ma'aikatan gidan su ma dā marasa lafiya ne. Wanda aka kwance jiya, shi ke kwance wani yau.

Jama'a, ga abin da za mu riƙe. Taɓin hankali ciwo ne, kuma ana maganinsa. Turu ba ya warkar da kowa, sai ƙarin miki. In akwai mai wannan ciwo a gidanku, kada ku ɓoye shi. Ku kai shi wurin likita. In an ba shi magani, kada ya bari don ya ji sauƙi, sai da izinin likita. Ku hana yara jifa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai wani jiƙon.