Tarihin Binciken Furotin da Yis Mai Cuta, Candida albicans, Ke Fitarwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda masana suka gano makaman da yis mai suna Candida albicans ke cutar da ɗan'adam da su. Wannan ƙwaya tana zaune a baki da hanji da gaban mutane da yawa masu ƙoshin lafiya ba tare da ta dame su ba. Amma da zarar garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta rikiɗe daga siffar ƙwai zuwa dogon zare, ta huda fatar ciki, ta haddasa farin dabbaren da iyaye mata kan gani a bakin jarirai, ko ƙaiƙayin gaba, ko kuwa ta shiga jini ta yi kisa. Tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce: da me take yin wannan ɓarna?

2.0 Gano Ƙwayar

A shekarar 1839 Bernhard von Langenbeck na Jamus ya ga ƙwayar a maƙoshin gawar wani da zazzaɓi ya kashe, sai ya zaci ita ce sanadin zazzaɓin. Fredrik Berg, likitan yara a Suwidin, shi ne ya nuna a 1846 cewa ita ke kawo ciwon bakin jarirai. Charles Robin na Faransa ya raɗa mata suna Oidium albicans a 1853, sa'an nan Christine Berkhout ta ƙasar Holan ta fito da sunan Candida a 1923. Duk tsawon wannan lokaci, abin da aka sani shi ne kamannin ƙwayar da sunanta kawai.

3.0 Zamanin Sinadaran Narkarwa

A 1965 Friedrich Staib na Jamus ya reni ƙwayar a kan furotin na ruwan jini, ya hana ta duk wata hanyar samun naitirojin. Sai ya tarar tana fitar da wani sinadari mai narkar da furotin ɗin, dangin wanda ke narkar da nama a tumbin mutum. Daga baya aka ga yana iya narkar da furotin na fata da majina da wasu kariyoyin jiki. A 1991 Bernhard Hube da abokan aikinsa suka ware ƙwayar gadon farko mai samar da shi, aka kuma ci gaba har aka ƙidaya guda 10, watau SAP1 zuwa SAP10.

Hujjoji biyu suka ƙarfafa zaton cewa an kama ɓarawo. Na farko, a 1997 an cire wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado, sai yis ɗin ya rage kashe ɓerayen gwaji. Na biyu, ciwon bakin nan ya zama ruwan dare ga masu ƙanjamau tun rahoton farko na cutar a Amurka a 1981, amma ya ragu ƙwarai bayan zuwan sababbin magunguna a 1996. A 1999 aka nuna cewa wasu daga cikinsu, kamar ritonavir, suna daƙile sinadaran yis ɗin su ma.

4.0 Shakku

Sai dai kuma daga baya an gano aibi a hanyar gwajin 1997. Masu binciken sun yi amfani da wata ƙwayar gado, URA3, a matsayin alama, alhali sauya mata mazauni kaɗai yana iya raunana yis ɗin. Da aka maimaita gwajin ta wata hanya a Jamus a 2008, yis marar waɗannan sinadarai ya huda fatar gwaji, ya kuma lalata ta kamar yadda ya saba. Gwajin ɓeraye na 2010 ma ya nuna rawar da suke takawa a cutar jini ba ta kai yadda aka ɗauka ba. Suna taimaka wa ƙwayar wajen samun abinci da kauce wa garkuwar jiki, amma babban makamin yana wani wuri.

5.0 Gano Dafin

Ashe tun 1993 an bayyana wata ƙwayar gado, ECE1, wadda ke aiki sosai lokacin da yis ya zama zare, amma ba a san amfaninta ba har shekara 23. A 2016 ƙungiyar Julian Naglik a Landan da ta Hube a birnin Jena suka nuna cewa furotin ɗinta ana yanka shi gida takwas, kuma yanki na uku, mai amino asid 31, dafi ne da ke huda bangon ƙwayoyin jikin mutum. Suka kira shi kandidalaisin. Yis ɗin da aka raba da shi yana yin zare, yana kutsawa, amma ba ya ɓarna. Har ila yau, wannan dafi ne ke farkar da garkuwar jiki ta gane cewa maƙwabci ya zama abokin gaba.

6.0 Kammalawa

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Candida albicans cikin fumfuna huɗu mafiya haɗari ga ɗan'adam, don haka sanin ainihin makaminta yana da muhimmanci ga masu neman magani. Mu kuma da ke horar da malaman kimiyya, darasinmu a fili yake: sakamakon da aka yarda da shi sama da shekara 10 ya raunana saboda aibin hanyar gwaji. Ya kamata mu riƙa koya wa ɗalibanmu tambayar yadda aka sami sakamako kafin su haddace shi.